Sarkin Zamiya a Gonar Mama Philomena

Duk faɗin Ikara, ka haɗa da Makarfi da Kudan, babu masanin dusar ƙanƙara kamar Malam Sama'ila, sakataren ƙungiyarmu ta manoman masara. Ba fasa masa kai nake yi ba, shi kaɗai ne ya taɓa ganinta. Bara waccan aka tura shi Turai kwas na mako biyu a kan adana iri. Ranar hutu aka hau da su wani dutse inda Turawa ke ɗaura katako a ƙafa suna zamiya. Ilimin adana iri dai a jirgi ya baro shi. Dutsen kuwa har gida ya taho mana da shi.

Da Nuwamba ta kama, kullum da hantsi a teburin mai shayin bakin tasha sai ya zaro waya ya karanta mana halin da dutsen yake ciki.

"Jama'a, albishirinku! Bana ta sauka da wuri. Inci goma sha biyu a ƙololuwa, huɗu a gindi. An buɗe hanyoyin zamiya uku cikin ashirin."

Mu ce ma sha Allah, mu ci gaba da hura shayi. In ka kuskura ka tambaye shi yaushe taki zai iso, sai ya dube ka da tausayi ya ce matsalarmu ke nan, ba ma fita waje. Shi ya sa muka naɗa shi Sarkin Zamiya, ya kuma karɓa hannu bibbiyu.

Farkon daminar bana, wata Laraba da la'asar, ƙanƙara ta zubo a ƙauyen Furana, kowace kamar ƙwan zabo. Masara ta kai gwiwa, cikin rabin awa ta koma tsumma. Wadda abin ya fi dukanta ita ce Mama Philomena mai gona a gindin dutse, kuma gonar nan ce tuwonta ita da jikoki uku. Kunya ɗaya tak ta tsira, wadda dutsen ya kare. Ƙungiya na da irin masara mai saurin nuna a sito, amma ba a buɗewa sai sakatare ya rubuta cewa an yi ɓarna. In mako ya wuce, shuka ta wuce.

Nan fa Sarkin Zamiya ya nuna himma. Mutumin da ya shekara shida bai taka gona ba ya diro daga acaɓa tun ƙasa ba ta tsane ba, cikin rigar sanyi mai kumburi da tabarau irin na mai walda, gumi na bin gemu.

Mama Philomena ta tare shi. "Ranka ya daɗe, zo ka ga masarar."

Ya tsallake masarar, ya durƙusa inda ƙanƙara ta taru a kwazazzabo, ya soka rula.

"Inci biyar! Mama, kin san abin da Allah ya ba ki kuwa? A can ana buɗe wasa da abin da bai kai haka ba."

"Iri nake so, ranka ya daɗe."

"Iri! Ana zancen masu yawon buɗe ido, ke kina zancen iri."

Washegari rahoto ya fito: ƙanƙarar farko ta sauka da wuri, fara tas, yanayi ya yi kyau ƙwarai. Ɓarna ba ta samu shiga ba. Wallahi da na karanta sai da raina ya ɓaci. Sito ya zauna a kulle, tsohuwa ta yi ta zarya ofis ana ce mata oga na nazari.

Ran Asabar sakatare ya kwaso kwamiti, har da shugabanmu Baba Tukur, su ga filin zamiya na farko a Arewa. Ita ƙanƙarar, da yake ba a sanar da ita zuwan manyan baƙi ba, tun ranar Laraba ta narke. Baba Tukur ya yi tsaye yana duban masara a kwance.

"Ƙwararre ba ya jiran ƙanƙara," in ji Sarkin Zamiya. Ya ɗaura katakai biyu da kafinta ya fere masa, ya riƙe ƙotar fartanya a kowane hannu, ya haye dutsen da ruwan safe ya jiƙa.

Ya kuwa zame! Katako ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya nufi Hunkuyi. Gwanin ya gangaro da mazaunai yana salati, ya faɗa kunyar nan da ta tsira, ya bi ta tun daga kai har ƙarshe, bai bar kara ɗaya a tsaye ba.

Baba Tukur ya miƙa hannu. Sakatare ya zaci ɗaga shi za a yi.

"Mukullin sito," in ji Baba.

Mama Philomena ta tsinto tabarau a cikin laka, ta goge da bakin zane, ta miƙa masa.

"Sannu, ranka ya daɗe. Baba, in za a auna min irin, a sa har da na kunyar nan. Ita dai ƙanƙara ta bar min ita."