Zanen da na ɗaure da wake

Ina da 'ya'ya uku a lokacin, don haka ba zan fake da ƙuruciya ba. Wata baƙuwa ce ta zo kasuwar Madarunfa da zanen shuni, fararen zobba reras a jikinsa. Mata suka yanyame ta. Ta ce tsakuwa ake ƙullewa cikin farin ƙyalle, a ɗaure tamau da zare, sannan a kai marina.

Na taɓe baki na ce, “Wannan ne aikin? Ranar sunan ɗan ƙanwata za ku ga nawa.”

Tsintar tsakuwa a rairayinmu wahala ce, ga wake kuwa cike da rumbu, duk girmansa ɗaya. Har na yi mamakin wayona. Kwana huɗu ina ƙulli, na miƙa wa tsohon marinin garinmu.

Ya lalluba ya ce, “Ɗiyata, me kika sa ciki?”

“Baba, kai dai rina. Ɗauri nawa ne.”

Wake ya sha ruwa ya kumbura, zare ya yi ta tsinkewa. Zane ya fito baƙi ƙirin, ko zobe ɗaya babu, ga shuɗin wake yana yawo a marina. Tsoho ya yi dariya har ya zauna ƙasa.

Haka na ɗaura abina na tafi suna, kaina a sama. Ƙanwata ta zagaya ni ta ce, “Yaya, ina zobban?”

Yau na yi furfura, amma in na wuce marina sai wani ya ɗaga murya: “Inna, a kawo mai da yaji, ko bai nuna ba?”