Ƙaton Da Ya Gaji Rumfar Kawu

Jama'a, in kun ji rubutun yau yana atishawa, ku yi haƙuri. Mura na kwaso daren shekaranjiya a gindin mutum-mutumin nan na babban shataletale, wanda masu girma iyayen gari suka raɗa wa suna Jarumin Ma'aikaci. Rabin gari na cewa ado ne, rabi na cewa ina ma famfo aka gyara mana.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, aiken kawuna ne. Shekara talatin da ɗaya yana gyaran takalmi a daidai wurin, kafin a tashe su don a karrama ma'aikaci. Tun daga lokacin ya kwanta, abinci ma sai an yi da gaske yake ci. Ya ce mini, "Ɗan nan, je ka ɗauko mini hotonsa, in ga wanda ya gaje ni."

Da dare na je, domin a lokacin ake haska shi. Layinmu kwana tara ba wuta, amma ƙaton nan fitila goma sha biyu ke masa fadanci. Sanyi kuwa har cikin ɓargo, yatsuna sun ƙi danna waya.

Mai gadi ya fito ƙudundune cikin bargo.

"Malam, hoto daga gaba kawai. Umarni ne daga sama."

"Bayan fa?"

"Bayan ba a ƙaddamar da shi ba tukuna."

Na dai leƙa. Ashe ƙaton fanko ne, rodi tsirara, mai gadin ma a cikinsa ya shimfiɗa tabarma da kaskon wuta.

"To ka gani," in ji shi, "duk garin nan ni kaɗai yake wa amfani. Yana tare iska."

Na ɗauki gaba da izini, na saci baya yana gyara garwashi.

A hanyar gida abin ya tsaya mini a rai. Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma irin wannan tambaya ke hana ni sukuni. In na nuna wa kawu gaban, ya ga ya yi kyau, zai ce ashe tashinsa bai rage wa wurin komai ba. In na nuna masa bayan, zai ga saboda ƙwarya marar komai aka raba shi da abincinsa. Wanne ne tausayi? Hoton da bai ƙara komai ba, sai dai ya ɓoye rabi, shi ma ƙarya sunansa?

Matata ta ce, "Kai dai ka cika saƙa da warwara. Miƙa masa wayar mana, ai ya girme ka."

Da safe na miƙa masa. Bai kalli fuskar ba, bai nemi bayan ba. Ya sa yatsu biyu ya jawo ƙafafun kusa, ya ƙura musu ido. Can sai ya fashe da dariya, har da tari.

"Zo ka gani, ɗan nan! Takalman nan duka biyu na ƙafar hagu ne!"

Na duba, wallahi haka ne. Kwamiti ya zauna, ƙwararru sun auna, manya sun yanke ƙyalle an tafa, kowa sama ya kalla.

"Da sun bar ni a wurin," in ji kawu yana share hawaye, "da na gaya musu kyauta."

Ya ce a kawo masa abin kari, a kuma nemo mai mota ranar Asabar, da idonsa yake so ya gani.

Saboda haka, ranku ya daɗe, muna godiya da wannan gagarumin aiki. Don Allah kada a kafa kwamitin gyaran takalmin. Ai dama ba inda za shi.