Yadda Malam Ɗalhatu Ya Ƙetarar da Tarihin Rijiyoyi

Wannan shi ne labarin Malam Ɗalhatu, ɗan Malam Ja'afaru mai alƙalamin gamba, ɗan Malam Zubairu wanda tawada ba ta taɓa barin yatsunsa ba, ɗan Malam Ukashatu wanda aka ce ya kwafe littafi mai kaurin matashin kai a damina guda, soro na yoyo, bai bar ko ɗigo ya taɓa takarda ba. Zuriya ce ta marubuta, waɗanda ake kawo wa littafi ɗaya su mayar da shi biyu. Shi kuwa Malam Ɗalhatu, dodon 'yan makara, ma'abocin jan biro, hedimasta mai ritaya wanda gyaran muryarsa kaɗai ke sa aji uku su yi tsit, shi ne magajin gidan a zamanin na'ura.

Amma ba'adu. Shekara goma sha ɗaya gwarzon nan ya yi yana rubuta littafinsa, Tarihin Rijiyoyin Tudun Gawo, da yatsa ɗaya tak, a cikin wata kwamfutar tebur da ya saya tun yana aiki. Shafi ɗari uku da sha biyu, kuma babu kwafinsa a doron ƙasa sai a cikinta. To, shekaru sun cim mata. In an kunna ta sai ta yi gurnani irin na injin niƙa, ta yi dogon nazari, wani sa'in ta mace ana tsakiyar jimla. Mai gyara ya duba, ya ce da wuya ta ga sabon wata. Sai 'yarsa ta fari ta aiko da sabuwa daga Kaduna, siririya kamar faranti, tare da filash na kwasar bayanai da 'yar wasiƙa cewa Baba ya jira ta zo hutu. Malam ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu. Jinin Ukashatu ba ya jiran wani ya yi masa kwafi.

Ranar Talata da hantsi aka ja daga. An cika janareta da mai, an aika wa 'yan majalisarsa ta hira cewa kada su tsammace shi sai bayan kwana uku, aka jera na'urorin biyu a kan tebur suna fuskantar juna, tsohuwa na huci, sabuwa ko gezau. Ya fara tura manhajar rubutu a matsayin 'yar leƙen asiri: ya ja ɗan hotonta zuwa filash, ya kai wa sabuwar, ita kuwa ta ce ba ta san da zancen ba. Sau uku yana kai farmaki, sau uku ana koro shi. A na huɗu ya lura ashe sabuwar da tata manhajar ta zo. Malam ya lissafa wannan a matsayin miƙa wuya.

Sa'an nan babban gumurzu. Ya naɗe hannun riga, ya kama maus kamar mai riƙe linzami, ya ɗaga murya:

"Bismillahi! Yau ko ni ko ke!"

Ya danna. Wani koren layi ya gilma a allo ya ɓace. Ya zare filash, ya soka wa sabuwar, ya sake dannawa. Kafin matarsa Hajiya Tasalla ta dire kofin kunun da ta kawo masa na guzurin yaƙi, an gama. Littafin ga shi a can, ga shi a nan.

Malam ya dubi wannan, ya dubi waccan, ransa ya ɓaci matuƙa. Aikin shekara sha ɗaya ne za a ƙetarar da shi kunu bai huce ba? Wannan ko dai raini ne, ko ha'inci. Kuma a gidansu akwai ƙa'ida tun kaka da kakanni: ba a kiran kwafi kwafi sai an yi muƙabala, wato ɗaya ya karanta sabon da ƙarfi, ɗaya ya bi na asalin da yatsa, kalma bayan kalma. Ba a kuwa taɓa yin muƙabala a gidan an tashi ba a kama kuskure ba.

Nan take aka naɗa Hajiya Tasalla, abokiyar zamansa ta shekara talatin da takwas, kwamandar ɓangaren hagu. Ta sa tabarau, ta ja kujera gaban tsohuwar, ta ɗora yatsa a kan allo.

"Malam, to girkin fa?"

"Ana yaƙi kina zancen girki? Shafi na ɗaya!"

Haka rundunar mutum biyu ta ratsa Rijiyar Gwauro da Rijiyar 'Yan Koli, ta bi ta kan Rijiya Mai Ɗaci da zurfinta gaba ashirin da ɗaya, ta yada zango a Rijiyar Kuka, alhali tsohuwar na suma ana farfaɗo da ita, ana yi mata fifita da mafici, ana ɗora ta kan bulo biyu don ta sha iska, ana roƙonta da sunan zaman tare. Talata ta wuce, Laraba ta bi ta. Ba a kama ko kuskure ɗaya ba, kuma kowane shafi da ya fita lafiya sai fuskar Malam ta ƙara duhu.

Ranar Alhamis bayan la'asar, a shafi na ɗari biyu da arba'in, Malam ya kai ƙarshen babi na takwas, ya gangara ƙasa, sai idonsa ya faɗa kan Babi na Goma.

"Allahu Akbar! Na kama ta! Ta haɗiye babi na tara!"

Babi na tara kuwa shi ne kambin littafin: labarin ranar da aka zura mahaifinsa a Rijiyar Kasuwa ya ɗauko hular wani Bature, labarin da babu suna ko ɗaurin aure a Tudun Gawo da ba a ji shi daga bakin Malam ba. Ya miƙe, hula ta faɗi, ya zagaya tsakar gida yana shelar nasara ga kaji, yana rantsuwa gobe sabuwar za ta koma kwalinta. Sai tsohuwar ta yi wani irin kakari, murna ta koma tsoro: in ta cika yanzu, ta tafi da babin ke nan har abada. Ya faɗo ɗaki, ya fizgi biro da takarda.

"Hajiya, kada ki motsa! Kada ki yi numfashi kusa da ita! Karanto, da hannu zan ɗauke shi!"

Hajiya ta sauke tabaranta kan hanci.

"Malam, nan ma daga takwas sai goma."

"Duba da kyau, baiwar Allah!"

"Tun kana wa kaji huɗuba nake dubawa. Ai ba ka taɓa rubuta shi ba. Duk ranar da ka zauna za ka rubuta, sai ka juyo ka ba ni shi da baki, har a kira salla."

Gwarzon ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kaɗe, ya zauna gaban sabuwar. Da yatsan nan guda, cikin natsuwa da haiba, ya buga: Babi na Tara. Ya tsaya yana duban allo. Can sai ya juyo.

"Kin san igiyar da aka zura Baba da ita fa ta kaba ce, kuma Baturen nan..."

"Bari in ɗora tukunya," in ji Hajiya, ta fice.

Ya zuwa ranar da aka kammala wannan tarihi, babin na nan da kalmominsa uku.