Amfilifayata da Jeren Hadiza

Mai shagon nan na Sabon Gari bai cuce ni ba, wannan kam na yarda. Da na ce masa jitar bas, mai kaurin muryar nan, nake koyo a gida, wata 'yar ƙaramar amfilifaya mai araha, na'urar ƙara sauti, ya nuna mini.

"Malam, wannan ta ishe ka. Ɗaki ne, ba filin biki ba."

Na yi masa kallon da gwani ke yi wa ɗan koyo, ni da satina uku da fara riƙe jita. Na zaɓi wata tsohuwa mai girman buhun gero. Mutum biyu suka ɗora mini ita a keke.

A gida na jingina ta da bango, na murɗe ta har ƙarshe. Na manta bayan bangon nan jeren matata Hadiza yake, kwanonin da Innarta ta yi shekaru tana tara mata a Tsafe. Sau ɗaya na ja tsirkiya mai kaurin.

Ƙarar da ta biyo baya ba ta jita ba ce. Wani kwano ya daɗe yana zagaya tsakar gida kafin ya kwanta.

Hadiza ta leƙo da murfi a hannu. "Waƙar ke nan, ko da saura?"

Washegari na koma na karɓo ƙaramar. Har yau, da an yi tsawa da damina sai Inna ta bugo waya daga Tsafe: "Hadiza, tare kwanoninki, mijinki ya fara."