Ma'ana Ashirin da Uku a Ɗakin Kaka

"...lafiya lau, tsohuwar amaryata. Ya ƙafar?"

"Tana nan inda ka bar ta, miji marar cefane. Wannan kwalin fa? Talla ka fara?"

Jikan ya jingina kwalin a jikin keken ɗinkin kakarsa. Shekara biyu ke nan da ya gama karatun koyarwa yana zaman jiran aiki. Yau da ƙarfe goma wata makaranta za ta gwada shi: darasin minti ashirin ga 'yan aji huɗu, shugaba na zaune a baya, in bai gamsu ba a kira wani. Kalmar Turanci ɗaya tak aka ba shi, "take", shi kuwa sarkin zaƙewa ya tattaro mata ma'ana ashirin da uku ya cika kwali da su. Tausayinsa ya kama Kaka, amma ba ta yarda ya gani ba.

"Ke ce ɗalibata ta gwaji," in ji shi. "In kika gane, ko akuya ma za ta gane."

"To malamin awaki, bismilla."

Ya juya mata ƙeya ya kama karatu. Da kalmar ake ɗaukar abu, da ita ake shan magani, da ita ake hawa mota, da ita ake ɗaukar hoto. Kafin ya kai ta tara, minshari ya tashi a bayansa.

"Kaka, barci kike?"

"Mutuwa ma na yi, ka zo ta'aziyya. Wai su Turawan nan talauci ne ya sa suka ɗora wa kalma ɗaya aikin jaki?"

"Ilimi ne, ke da ko sunanki sai da dangwale."

"Da dangwalen na yaye teloli goma sha ɗaya, ba wadda na taɓa juya wa ƙeya. Ranar farko almakashi nake danƙa wa yarinya da tsumma. Kai tun ɗazu kwali kake koya wa Turanci, shi kuma ga alama ya riga ya iya."

Maganar ta shige shi, ya dubi agogon bango: tara saura kwata.

"To ya zan yi da ashirin da ukun?"

"Ka jiƙa ka sha. Uku sun isa. Miƙo min kwalbar maganin can, ka faɗa kana kallon idona."

Ya miƙa mata, ya faɗa a hankali. Ta kai kwalbar baki kamar mai sha, ta ce, "Tek medisin." Ya jawo 'yar kujerar tsakar ɗaki, ya faɗi yadda ake cewa a zauna da kalmar, ta sauko ta zauna tana cije baki saboda gwiwa. Ya ba ta wayarsa, ta juya ta a kife ta ɗauki hoton silin, amma jimlar ta fito daidai. Ya hargitsa kayan ya sake gwada ta, ba ta kuskure ko ɗaya ba.

"Ikon Allah," in ji shi. "Akuya ta gane."

"Akuyar da ta haifi uwarka. Matso nan, maɓallin wuyanka na lilo. Haka za ka je gaban mutane ka ja a ce ban iya zaɓen miji ba?"

Ta kafa maɓallin yana tsaye, ta datse zaren da sauran haƙoranta. Sannan ta juye ƙwayoyin a murfin kwano, ta cusa masa kwalbar a aljihu, ta tura masa kujerar da ƙafa.

"Ɗauka ka tafi. Kwalin ka bar min, ina neman abin fifita."

Dariya ta ƙwace masa, ta farko tun da gari ya waye. "Na sallama, uwargida. Ke ce malama."

"Da ma. In sun ƙi ka, ka dawo, ina da gurbin mai zura min zare a allura."

Ya saɓi kujerar ya fita. Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace ta bar murmushin, ta ɗaga hannuwa biyu ta shiga yi masa addu'a.