Dattijo Ya Rasu Yana Jiran Dala

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta huce ba, ba ta kuma da niyyar hucewa nan kusa, Auta da mahaifiyarta Inna suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta, mawaƙa, makaɗa, da duk wanda ya taɓa taka rawa a gabansa, rasuwar fiyanonsu, abin kiɗa mai aiki da lantarki, kuma abokin neman abincinsu, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu ranar Asabar da la'asar, a bakin aiki, bayan doguwar jinyar da aka san maganinta, aka san inda maganin yake, ana ma ganinsa da ido ta cikin gilashi.

An haifi marigayin a wata ƙasa mai nisa. Ya zo mana ta jirgin ruwa a cikin kwali, lulluɓe da farin soso, a zamanin da dala take da kunya. Baban Auta, Allah ya jiƙansa, shi ya yi odarsa da kuɗin kiɗan da yake yi a otal, bai sayar da komai ba, bai roƙi kowa ba. A kan cinyar Baba Auta ta koyi inda ake ɗora yatsu a kan haƙoran Dattijo, farare da baƙaƙe. Ita dai tun tana ƙarama, baƙo na yin sallama bayan ƙofa take komawa, magana a gaban mutane kuwa nauyi take yi mata kamar dakon siminti. Amma in ta zauna gaban Dattijo, duk abin da bakinta ya kasa faɗa, shi yake faɗa mata. Da Baba ya rasu, wata mawaƙiya da kowa ke kira Anti ta ɗauke ta aiki, ta ba ta kujera can bayan dandamali, kusa da babbar lasifika, inda ba mai kallonta. Daga wannan kujera kuɗin haya yake fitowa, daga nan maganin hawan jinin Inna yake fitowa.

Marigayi Dattijo mai haƙuri ne. Ya taɓa faɗowa daga bayan mota a kan kwalta, bai ce uffan ba, sai 'yar tsaga a kusurwar hagu da ya ɗauka har ƙarshen rayuwarsa. An zubar masa da shayi, ya shanye. 'Ya'yan maƙwabta sun dake shi da tafin hannu, ya amsa musu da fara'a. Kullum aka kunna shi sai ya gaida mutane, "ɗin-ɗin-ɗiiing", kafin ya shiga wata harka. A cikinsa akwai ganga, akwai sarewa, akwai goge, har da haushin kare da ƙarar jirgin sama, waɗanda har ya bar duniya ba a gano amfaninsu ba. Aibinsa ɗaya: akwai wani jan maɓalli da in gwiwar hannu ta taɓa shi bisa kuskure, sai ya kama kiɗin garinsu shi kaɗai, ba ya jin bari. Ya taɓa yin haka a tsakiyar nasihar kawun wani ango. Iyalan sun yafe masa.

Ciwon ajali ya fara ne a hankali. Ana cikin kiɗa sai ya ɗauke numfashi, fuskarsa ta yi duhu, sai an kashe an sake kunnawa. Daga baya gaisuwarsa ta koma "ɗin… ɗin…", ta ukun ba ta fitowa. Auta ta saɓa shi a jakarsa ta kai wa mai gyaran rediyo na bakin titi. Ya buɗe cikinsa, ya sunsuna, ya nuna mata wani ɗan koren allo da bai fi tafin hannu ba.

"Wannan fanel ɗin ne ke raba masa wuta," in ji shi. "Ya gaji. Ki canza shi da wuri, ƙanwata, in ba haka ba wata rana zai saki wutar gaba ɗaya ta ƙone ƙwaƙwalwar. Kin ga shagon can tsallake? Akwai shi a wajen Alhaji Mai Oda."

Alhaji Mai Oda shi ne mai shigo da kayan kiɗa daga waje, shi kaɗai a duk wannan yanki. Fanel ɗin kuwa yana nan a cikin akwatin gilashinsa, a layin ƙasa, cikin leda mai ƙura. Ranar farko kuɗin Auta ya gaza da ɗan kaɗan. Ta tsaya tana murza bakin mayafinta.

"Alhaji, a riƙe wannan, in je in ciko."

"Me kika ce? Ɗaga murya, 'yata, nan ba asibiti ba ne."

Ta maimaita.

"Ajiya? A'a, ba na karɓa. Dala ba ta zama ta jira mutum. Ki ciko ki dawo, kayanki na nan, ba ƙafa gare shi ba."

Ta yi biki biyu, ta ciko, ta dawo. Alhaji ya ɗaga waya a gabanta ya kira mai canji. "Mutumina, yau nawa take?" Ya saurara, ya girgiza kai kamar wanda aka faɗa wa rasuwa, ya danna kalkuleta, ya juyo mata da fuskarta.

"Wallahi ni ma tausayinki nake ji. Ta tashi."

Auta ta tattaro duk ƙarfin zuciyar da Allah ya ba ta. "Amma Alhaji, ai wannan ya daɗe a nan. Ga ƙura a jikinsa."

"Ƙurar ma da dala ta zo. In na ba ki a kuɗin jiya, da me zan yi odar na gobe? Da ladabinki?"

Haka aka yi ta yi. Kuɗin Auta na tafiya a ƙasa, dala na tafiya a jirgi. Duk ranar da ta iso inda aka ce mata, sai ta tarar an tashi daga nan. Anti ta taɓa duba musu a wayarta ko za su yi odar da kansu. A can ƙasar da aka haifi Dattijo farashin bai motsa ba ko kaɗan, yana nan inda yake tun bara. Kuɗinmu ne ya rame. Ga kuɗin jirgi da dala, ga na banki da dala, in an haɗa sai ya wuce na Alhajin. Da suka leƙa farashin sabon fiyano kuwa, Inna ta tambaya ko har da gida ake haɗa wa mutum.

Abin da ya fi ci wa Auta rai, wanda take so duk mai karanta wannan sanarwa ya sani, shi ne: babu inda kuɗin maganin zai fito sai daga jikin majinyacin. Kowane biki da ta kai shi don ta ciko, kusantar da shi kabari take yi. Tana sane. Takan shafa bayansa kafin ta kunna, ta ji zafinsa a tafinta, ta kawar da kai.

Ranar da abin ya faru, zauren biki ya cika, amarya ta sako ƙafa a bakin ƙofa, Anti ta ɗaga murya. Dattijo ya ɗauki kiɗan da kyau, "dum-tak, dum-dum-tak", kamar lafiyarsa ƙalau. Amarya na tsakiyar zaure ya yi wani dogon nishi, "zzzzz", sannan "ƙit". Siririn hayaƙi ya fito ta bayansa, warin ƙonanniyar roba ya tashi. Auta ta kashe ta kunna, ta kashe ta kunna. Bai gaida kowa ba. Da tafi aka ƙarasa raka amarya kujerarta, duk zauren kuma ya juyo yana kallon kujerar nan ta baya da ba a taɓa kallo ba.

A mota Anti ta dafa kafaɗarta. "Ƙanwata, kin san ina son ki. Amma ba zan yi ta waƙa da tafi ba. Akwai biki ƙarshen wata. Ki zo da fiyano, ko in nemi mai shi."

Marigayin ya bar ƙafarsa ta ƙarfe mai kama da almakashi, tana jingine a lungu ba ta san abin da za ta ɗauka ba. Ya bar adafta mai kai masa wuta, wadda ta rantse ba laifinta ba ne, mai gyara kuma ya gaskata ta. Ya bar feda guda ta takawa da ƙafa, da jaka mai mataccen zif. Ya bar Inna. Ya bar Auta, wadda har yanzu yatsunta ke kiɗa a kan gwiwarta ba da saninta ba. Ya kuma bar 'yan uwa da yawa 'yan kamfani ɗaya, a situdiyo da makarantu da ɗakunan samari, kusan kowannensu da nasa ciwon: wannan ba haƙora uku, wancan lasifika ta yage, wani fuskarsa ta makance.

Iyalan suna godiya ga duk waɗanda suka zo ta'aziyya, ban da mutum ɗaya. Washegarin rasuwar, warin ƙuna bai gama barin ɗakin ba, sai ga sallamar Alhaji Mai Oda, da buhu a naɗe a hammata. Ya gaida Inna da murya mai sanyi, ya ce duk mai rai mamaci ne. Yana faɗa yatsansa na bin haƙoran mamacin ɗaya bayan ɗaya, yana danna su yana jin ƙarfinsu. Ya sunkuya ya leƙa lasifikun.

"Hajiya, kada ku bar shi ya tare muku ɗaki. Ku ba ni gawar, in ɗan ba ku na sabulu."

"Me za ka yi da gawa, Alhaji?" in ji Inna.

"Kamfanin ya daina yin irinsa. Kin san mutum nawa ke min sintiri kan haƙori ɗaya na wannan? Odar ta gagara, dala ta…" Sai ya yi tari, ya gyara hula. "Taimaka muku dai zan yi."

Nan Auta ta fahimci lissafin. Da rai, Dattijo cinikin ɗan fanel guda ne a wajen Alhaji. A mace kuwa shago ne sukutum, kowace gaɓa da farashin safiyarta, ba jirgi, ba kwastan. Ba ta ce shi ya kashe shi ba. Ta dai ce ya ga mai ciwo yana tangaɗi a ƙofarsa, ya koma ciki ya ɗauko buhu.

Inna ta matso kusa da kunnenta. "Auta, karɓi. Gawa ba ta biyan haya."

Auta ta ja mayafin da suke rufe shi da shi, ta lulluɓe shi har kusurwar hagu, ta ɗora hannunta a kai.

"Alhaji, a sauka lafiya."

Wannan karon bai ce ta ɗaga murya ba.

Don haka iyalan suna sanar da cewa ba su yafe wa dala ba. Ba su yafe wa mai canjin nan da Auta ba ta taɓa gani ba, amma ta san tarinsa ta cikin waya. Shi kuwa Alhaji, ba a yi masa mugun fata, sai dai na daidai da shi: Allah ya sa kalkuletarsa ta mutu a tsakiyar ciniki, a ce batirinta sai an yi oda. Allah ya sa ya cika shago da kaya ranar Laraba, dala ta faɗi warwas ranar Alhamis. Allah ya haɗa shi da likitan haƙori mai kiran waya kafin ya cire.

Game da jana'iza, mai gyara ya duba gawar, ya tabbatar ƙwaƙwalwa da ɗan fanel ne kawai suka ƙone. Haƙora fari da baƙi, lasifika biyu, fuska, maɓallai da wayoyin ciki duk lafiyarsu lau. Auta ta yanke shawara, Inna ta sa albarka: ba za a binne Dattijo da gaɓoɓinsa ba, ba kuma za a sayar da ko ƙusa ɗaya ba. Za a raba su sadaka ga 'yan uwansa marasa lafiya. Sharaɗi ɗaya ne. Duk wanda ya karɓi gaɓa, ranar da aiki ya taso wa Auta, in layi ya zo kansa, zai ba ta aron fiyanonsa na yini ɗaya. Mai situdiyon saman bene, wanda ya daɗe yana bin Alhaji kan lasifika, ya riga ya yi alkawarin ba da aron nasa a bikin ƙarshen wata.

Za a yi rabon ranar Asabar mai zuwa da hantsi, lokacin da masu ciniki suka fi yawa, a kan teburin mai gyara, daidai saitin ƙofar shagon Alhaji Mai Oda. Anti za ta zo da lasifikarta. Kowace gaɓa aka ciro za ta ɗaga ta sama, ta faɗi wanda ya samu, ta faɗi kuɗin da aka ce masa a tsallake, sannan ta tambayi jama'a nawa ya biya a nan. Duk wanda ke kan hanyar shiga wancan shago, ana roƙonsa ya fara tsallakowa ya yi ta'aziyya tukuna. An tanadar wa Alhaji kujera a sahun gaba. In kunya ta hana shi zama, daga bayan gilashinsa ma ana gani sarai.

Masu zuwa kada su wahalar da kansu da hawaye, an yi isasshe a gida. Kowa ya zo da fiyanonsa, ya zo da sukundireba.