Masinjan da Na So In Yi da Sagir

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na yi alkawarin nema wa surukinmu aiki.

Na daɗe ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, saboda haka a ganina na san kamannin mai babban albashi: namiji ne, ya haura arba'in, yana da tumbi da ofis, kuma ko likita ne, ko injiniya, ko darakta. (Ni dai tumbin kawai na samu.)

Da wani matashi ɗan Gaya mai suna Sagir ya fito neman Hafsatu, 'yar yayana, sai Yaya Ado ya tura ni bincike. Na tashi daga Ajingi na je unguwarsu. Kowa ya yabi halinsa. Da na tambayi sana'a, mai shayin bakin layi ya ce, "Kullum yana ɗaki da kwamfuta, ba ya fita sai masallaci."

Na dawo na ce wa Yaya, "Yaron kirki ne, amma zaman kashe wando yake." Yaya ya ce in haka ne ba zai ba da 'yarsa ba. Hafsatu ta same ni tana hawaye. "Baffa, wallahi yana aiki, a intanet yake yi." Na ce mu ma muna shiga intanet ɗin, wa ya taɓa biyan mu?

Amma kukanta ya dame ni. Ranar da manyan Sagir suka zo jin matsayarmu, muna zaune a zaure, na gyara murya na ce, "Kada mu raba yara. Zan yi magana a sakatariya, ko masinja ne a ɗauke shi, ya fara da haka." (Har ina jiran a yi min godiya.)

Baffan Sagir, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam. Sai dai ban san ko zai samu lokaci ba. Wani kamfani na ƙasar waje yake rubuta wa manhajar kwamfuta, da dala suke biyansa. Akwai ma matasa da ke aiki a ƙarƙashinsa, har da mata."

Yaya ya juyo ya dube ni. "Wai a ina ka yi binciken nan?"

Na ce, "Wurin mai shayi."

Dattawa suka yi ta tarin ƙarya suna rufe baki da hannun riga. Ni kuwa na kafa wa tabarma ido.

An ɗaura aure bayan girbi. Sagir ya zo gaishe ni, ya durƙusa ya ce, "Baffa, na ji ƙoƙarin da ka so yi min, na gode." Da gaske yake, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Yanzu in an tura ni bincike, mutumin nake fara tambaya me yake yi. In ban gane amsar ba, sai in ce Allah ya sa albarka, in kama bakina.